Kuɗin Zaman Sojojin Amurka a Koriya ta Kudu: Nazarin Tattaunawar 2019 zuwa 2021

A ranar 19 ga Nuwamba, 2019, wakilan Amurka da na Koriya ta Kudu suka zauna a birnin Seoul domin ci gaba da zagaye na uku na tattaunawa a kan kuɗin da Koriya za ta riƙa bayarwa don ɗaukar nauyin sojojin Amurka da ke ƙasarta. An tsara zaman zai kai yamma, amma ko awa biyu ba a yi ba tawagar Amurka ta tashi ta fice. Jagoranta, James DeHart, ya shaida wa manema labarai cewa tayin da Koriya ta kawo bai amsa buƙatar Amurka ta a raba nauyi bisa adalci ba, kuma an gajarta zaman ne don a ba Koriya lokaci ta sake tunani. Takwaransa na Koriya, Jeong Eun-bo, ya kira nasa taron manema labarai a ranar, ya ce Amurka ce ta fara tashi, kuma tazarar da ke tsakanin ɓangarorin biyu babba ce. Ƙasashen nan biyu sun yi yaƙi kafaɗa da kafaɗa daga 1950 zuwa 1953, suna da rundunar haɗin gwiwa ƙarƙashin kwamanda ɗaya, kuma al'adarsu ita ce su ɓoye saɓani a bayan ƙofa su fito da murmushi. Tashi baram-baram a bainar jama'a sabon abu ne a tsakaninsu, kuma daga wannan rana sai da aka shafe fiye da wata goma sha biyar kafin a cimma matsaya.

Tushen lamarin

Yarjejeniyar tsaron juna da ƙasashen biyu suka rattaba wa hannu a Washington ranar 1 ga Oktoba, 1953, watanni kaɗan bayan tsagaita wutar yaƙin Koriya, ta ba Amurka damar girke sojojinta na ƙasa da na sama da na ruwa a Koriya ta Kudu, amma ba ta faɗi ko soja nawa ba ne, ba ta kuma ce ga wanda zai biya ba. Batun kuɗi ya zo ne a yarjejeniyar 1966 da ta tsara matsayin sojojin Amurka a ƙasar, inda sashe na biyar ya ce Koriya za ta ba da filaye da gine-gine kyauta, Amurka kuma ta ɗauki sauran ɗawainiyar rundunarta. A lokacin wannan rabo ya dace da halin da ake ciki, domin Koriya ta Kudu ƙasa ce matalauciya da ke dogaro da tallafin Amurka. Zuwa ƙarshen shekarun 1980 kuwa al'amura sun sauya: ƙasar ta karɓi baƙuncin wasannin Olamfik na 1988, motocinta da kayan lantarkinta sun cika kasuwannin Amurka, yaƙin cacar baka yana ƙarewa, 'yan majalisar Amurka kuma suna tambayar dalilin da zai sa su ci gaba da biyan komai. Wannan ne ya haifar da yarjejeniyar matakai na musamman, wadda aka fi sani da SMA, a shekarar 1991, a matsayin togaciya ga sashe na biyar. A shekarar farko Koriya ta bayar da dala miliyan 150.

Kuɗin SMA ba a loda su a kai baitulmalin Amurka. Ana kashe su ne a gida uku: albashin 'yan Koriya farar hula da ke aiki a sansanonin Amurka, waɗanda yawansu ya kusa 9,000, gine-ginen soja, da hidimomin rundunar irin su sufuri, gyaran kayan aiki da ajiyar harsasai. Mafi yawan kuɗin gini da na hidima kamfanonin Koriya ne ke cin kwangilarsu. Akwai kuma abubuwan da Koriya ke bayarwa waɗanda ba sa shiga wannan lissafi ko kaɗan, kamar filayen da ba a biyan hayarsu, rangwamen haraji da na wuta da ruwa, da matasan sojojin Koriya da ake turawa su yi aiki a cikin rundunar Amurka. Mafi girma a cikinsu shi ne sansanin Humphreys da ke Pyeongtaek, kudu da Seoul, wanda faɗaɗa shi ya ci kusan dala biliyan 11, Koriya ta biya kimanin kashi 90 cikin ɗari, kuma can hedikwatar rundunar Amurka ta koma daga unguwar Yongsan a watan Yuni, 2018.

Ba za a fahimci yadda 'yan Koriya ke jin maganar kuɗi ba sai an tuna tarihin yawan sojojin. A 1971 Shugaba Nixon ya janye runduna ta bakwai ta sojojin ƙasa, kimanin mutum 20,000, duk da adawar Shugaba Park Chung-hee na Koriya ta Kudu, wanda bayan haka ya fara neman makamin nukiliya a asirce har sai da Amurka ta taka masa birki. A 1977 Shugaba Carter ya ƙuduri aniyar kwashe sojojin ƙasa gaba ɗaya, hafsoshinsa da majalisarsa suka yi masa turjiya, ya dakatar da shirin a 1979. A 2004 gwamnatin George W. Bush ta ɗauke birged guda ta kai Iraƙi, ta kuma tsara rage adadin zuwa 25,000, sai a watan Afrilu, 2008, shi da Shugaba Lee Myung-bak na Koriya suka amince a tsaya a 28,500. Wannan adadi na 28,500 ba ya cikin wata yarjejeniya mai ƙarfin doka. Alkawari ne na siyasa da ministocin tsaron ƙasashen biyu suka saba sabuntawa a sanarwar bayan taronsu na shawara kan tsaro, da jimla guda mai cewa Amurka za ta ci gaba da riƙe yawan sojojinta yadda yake.

Wa'adin shekara ɗaya

Yarjejeniyar SMA ta tara ta yi aiki daga 2014 zuwa 2018, shekara biyar, ana ƙara kuɗin kowace shekara gwargwadon hauhawar farashin kaya, da sharaɗin kada ƙarin ya wuce kashi 4 cikin ɗari. Da ta ƙare a ranar 31 ga Disamba, 2018, ba a samu wadda za ta gaje ta ba, sai a watan Fabrairu, 2019 aka daidaita yarjejeniya ta goma a kan won (kuɗin Koriya) tiriliyan 1.0389, wato kimanin dala miliyan 920, ƙarin kashi 8.2 cikin ɗari. Gwamnatin Shugaba Moon Jae-in ta yi nasarar hana adadin kai wa dala biliyan ɗaya da Amurka ta nema, amma ta biya wannan nasara da abin da ya fi tsada, domin ta amince da wa'adin shekara ɗaya kacal. A ganina nan ne aka shuka rikicin da ya biyo baya. Yarjejeniyar shekara biyar tana cire batun kuɗi daga teburin shugabanni, ta bar shi a hannun ma'aikatan da ke bin ƙa'ida. Ta shekara ɗaya kuwa tana mayar da shi teburin kowane kaka, kusa da batun Koriya ta Arewa da na ciniki da na zaɓe, inda komai ke iya zama abin musaya da komai.

Shugaba Donald Trump bai taɓa ɓoye ra'ayinsa ba. Tun a yaƙin neman zaɓen 2016 yake cewa ƙasashe masu arziki suna cin tsaro a arha, kuma bayan ganawarsa da shugaban Koriya ta Arewa Kim Jong-un a Singafo ranar 12 ga Yuni, 2018, ya dakatar da manyan atisayen haɗin gwiwa yana mai cewa suna da tsada ƙwarai, ya kuma ce yana son wata rana ya dawo da sojojin gida. Da aka buɗe tattaunawar yarjejeniya ta goma sha ɗaya a watan Satumba, 2019, kafofin yaɗa labarai na ƙasashen biyu suka ruwaito cewa Amurka na neman kusan dala biliyan 5 a shekara, fiye da ninki biyar na abin da ake biya. Rahotannin Amurka sun ce adadin daga bakin shugaban ya fito, aka bar jami'an ma'aikatar harkokin waje da na ma'aikatar tsaro ta Pentagon da aikin nemo abubuwan da za a jera su cika shi. Hanyar da suka bi ita ce ƙirƙiro gida na huɗu a kan ukun da aka saba, wanda zai ƙunshi kuɗin kai-komon rundunonin da ake musanyawa daga Amurka, da horon da ake yi a wajen Koriya, da sauran abin da suka kira kuɗin zaman shiri.

Ya kamata a yi wa hujjar Amurka adalci, domin ba ta rasa tushe ba. Tsaron Koriya ta Kudu bai tsaya a kan sojojin da ke zaune a sansanonin Pyeongtaek da Osan kaɗai ba. A lokacin akwai birged ɗin tankokin yaƙi da ake kawowa da kayanta daga Amurka duk bayan wata tara, akwai jiragen sama masu jefa bama-bamai da ke tasowa daga tsibirin Guam, akwai taurarin ɗan'adam na leƙen asiri, duk kuwa ba sa cikin lissafin SMA. A watan Janairu, 2020, Sakataren Harkokin Waje Mike Pompeo da Sakataren Tsaro Mark Esper suka wallafa sharhi na haɗin gwiwa a jaridar Wall Street Journal, inda suka ce Koriya ƙawa ce ba 'yar goyo ba, cewa abin da take biya bai wuce kashi ɗaya cikin uku na kuɗin da ya shafi zaman sojojin kai tsaye ba, kuma fiye da kashi 90 cikin ɗari na gudummawar tata yana komawa cikin tattalin arzikinta. Ƙasar da a lokacin ke cikin jerin goma sha biyu mafi ƙarfin tattalin arziki a duniya tana iya ƙara wani abu, kuma jami'an Seoul da kansu ba su musa haka ba.

Matsalar ita ce girman adadin. Ofishin binciken kuɗi na majalisar dokokin Amurka ya fitar da rahoto a watan Maris, 2021, wanda ya nuna cewa daga 2016 zuwa 2019 Pentagon ta ware dala biliyan 13.4 don zaman rundunarta a Koriya ta Kudu, har da albashin sojojin, yayin da Koriya ta ba da tallafin kai tsaye na dala biliyan 5.8. Idan aka raba biliyan 13.4 gida huɗu, ba za a kai biliyan uku da rabi a shekara ba. Ke nan abin da aka nema ya zarce dukan abin da Amurka ke kashewa a can, har da albashin da za ta biya sojojin ko da a Texas suke zaune. Tun a 2016 Janar Vincent Brooks ya tabbatar wa majalisar dattawan Amurka, a lokacin tantance shi don zama kwamandan rundunar, cewa ajiye waɗannan sojoji a Amurka zai fi tsada a kan ajiye su a Koriya. Adadin da ba a iya warware shi a nuna daga ina kowane ɓangare ya fito, babu mai shiga tsakani da zai iya kare shi, babu kuma ministan da zai iya ɗaukarsa ya kai gaban majalisarsa.

Wannan batu na majalisa shi ne garkuwar Koriya. A Amurka SMA yarjejeniya ce ta ɓangaren zartarwa, ba ta buƙatar amincewar majalisar dattawa. A Koriya kuwa dole sai Majalisar Ƙasa ta amince kafin a fitar da ko won ɗaya. Shugaba Moon ya naɗa Jeong Eun-bo, wanda ya fito daga ma'aikatar kuɗi da hukumar kula da harkokin kuɗi, maimakon jami'in diflomasiyya ko na tsaro kamar yadda aka saba, kuma saƙon naɗin a bayyane yake: za a yi maganar layi-layi a kan takardar lissafi. Matsayin da Jeong ya riƙe daga farko har ƙarshe shi ne cewa duk ƙarin da za a yi sai dai a cikin gidaje ukun da aka sani tun 1991. 'Yan majalisa na jam'iyya mai mulki da na adawa suka nuna ba za su amince da ninki biyar ba. A watan Oktoba, 2019, wasu ɗalibai suka haura katangar gidan jakadan Amurka Harry Harris a Seoul don nuna adawa da buƙatar. Wani jin ra'ayin jama'a da cibiyar bincike ta Chicago Council da ke Amurka ta gudanar a watan Disamba ya nuna fiye da kashi 90 cikin ɗari na 'yan Koriya suna goyon bayan ƙawancen, amma kashi 4 kacal suka ce a biya abin da Amurka ta nema.

Inuwar janye sojoji

A hukumance jami'an Amurka sun yi ta nanata cewa maganar kuɗi daban, maganar yawan sojoji daban. A aikace kuwa an bar ƙofar a buɗe. A ranar da zaman Seoul ya watse, an tambayi Esper a Manila ko za a rage sojoji idan ba a daidaita ba, sai ya ce ba zai yi hasashe ba. Kwana biyu bayan haka jaridar Chosun Ilbo ta Koriya ta ruwaito cewa Amurka na duba yiwuwar janye birged guda, Pentagon ta ƙaryata da kakkausar murya. A farkon Disamba, a gefen taron ƙungiyar tsaro ta NATO a Landan, aka tambayi Trump ko zaman sojojin a Koriya yana da amfani ga tsaron Amurka, ya ce abu ne da za a iya muhawara a kai, kuma shi yana iya karkata kowane ɓangare. Ga mai sauraro a Seoul, wanda ke zaune ƙasa da kilomita 60 daga iyakar Koriya ta Arewa kuma ya san abin da ya faru a 1971, wannan amsa ta fi kowace barazana nauyi.

Majalisar dokokin Amurka ce ta shiga tsakani. A dokar kasafin tsaro ta 2019 ta hana kashe kuɗi don rage sojojin ƙasa da 22,000, sannan a dokar 2020, wadda aka zartar a watan Disamba, 2019, ta ɗaga shingen zuwa 28,500. Shingen ba na dutse ba ne, domin sakataren tsaro na iya tsallake shi idan ya tabbatar wa majalisa cewa ragewar tana cikin maslahar tsaron Amurka, ba za ta raunana tsaron ƙawayenta sosai ba, kuma an yi shawara yadda ya kamata da Koriya ta Kudu da Japan. Sharaɗi na ƙarshe ya cancanci a tsaya a kansa. Shawara tsakanin ƙawaye abu ne da ake ɗauka zai faru da kansa, ta waya da ta jakadu da ta tarurrukan shekara-shekara. Ranar da 'yan jam'iyyar shugaban ƙasa da 'yan adawa suka ga dole sai sun rubuta ta cikin doka, sun nuna ba su da tabbacin za a yi ta.

Waɗanda suka ɗauki nauyin jinkirin

Yarjejeniya ta goma ta ƙare a ƙarshen Disamba, 2019. Rundunar Amurka ta ci gaba da biyan ma'aikatanta 'yan Koriya daga aljihunta na wata uku, tana aika musu da takardun gargaɗi, na kwana sittin a ƙarshen Janairu, na kwana talatin a ƙarshen Fabrairu. Waɗannan mutane su ne masu dafa abinci a ɗakunan cin abincin sojoji, direbobin bas, 'yan kwana-kwana, akawu, ma'aikatan asibiti, masu gyaran famfo da wuta, wasu sun shafe shekara ashirin ko talatin suna shiga ƙofar sansani ɗaya kowace safiya. Koriya ta kawo shawarar a ware batun albashi a warware shi tukuna, ita ta biya, a ci gaba da jayayya a kan sauran. Amurka ta ƙi, tana mai cewa hakan zai rage hanzarin cimma cikakkiyar yarjejeniya, wanda ma'anarsa a fili ita ce albashin ma'aikatan yana cikin abin da ake matsa lamba da shi. Zagaye na bakwai da aka yi a Los Angeles a tsakiyar Maris ya ƙare ba sakamako.

A ranar 1 ga Afrilu, 2020, kimanin mutum 4,000, kusan rabin ma'aikatan, suka tafi hutun dole ba albashi, abin da bai taɓa faruwa ba a tarihin ƙawancen. Takardar da aka ba kowannensu ta hana shi zuwa wurin aiki, ta kuma hana shi yin aikin ko da na sa-kai ne. Wannan ya zo ne a tsakiyar annobar korona, wadda ta fara tsanani a Daegu, birnin da Amurka ke da sansanoni a cikinsa da kewayensa, a lokacin da neman wani aikin ya yi wuya ga kowa. Kwamandan rundunar, Janar Robert Abrams, ya fito a faifan bidiyo ya ce rana ce ta baƙin ciki da ba a taɓa zaton zuwanta ba, kuma ba na shakkar cewa da gaske yake, domin shi ne zai tafiyar da sansanoni ba tare da rabin hannayensa ba. Abin da ya fi damuna a wannan lamari shi ne cewa mutanen da ba su da kujera a teburin, ba su nemi biliyan biyar ba, ba su kuma ƙi biya ba, su ne kaɗai aka taɓa abincinsu. Majalisar Koriya ta zartar da doka ta musamman a ƙarshen Afrilu don ba su tallafin rayuwa.

A daidai kwanakin da hutun ya fara, an ɗauka a Seoul cewa an gama. Masu tattaunawar ɓangarorin biyu sun daidaita a kan ƙarin kimanin kashi 13 cikin ɗari, jami'an Koriya suka fara nuna wa manema labarai cewa sanarwa na tafe. Trump ya yi watsi da daidaitawar, kuma a ranar 20 ga Afrilu ya tabbatar da bakinsa cewa an yi masa tayi ya ƙi, yana mai cewa maganar ba ta rage sojoji ba ce, ta ko Koriya za ta ba da gudummawa ga tsaron ƙasarta ce. Daga baya rahotanni suka ce Amurka ta sauko zuwa dala biliyan 1.3, ƙarin kusan kashi 50 cikin ɗari, Koriya kuma ta ce kashi 13 shi ne iyakarta. Ɓarnar wannan mataki ta wuce batun adadi. Duk tattaunawa tana tafiya ne a kan zaton cewa wanda ke zaune a gabanka yana da ikon da ya ce yana da shi; da aka ga masu tattaunawar na iya amincewa da abu shugaba ya rushe shi, sai Seoul ta rasa dalilin da zai sa ta ƙara ko kaɗan, tunda ba ta san inda ƙarshen yake ba.

A farkon Yuni Pentagon ta sanar da amincewa da tayin Koriya na biyan fiye da dala miliyan 200 na albashin ma'aikatan har ƙarshen shekara, suka koma aiki a tsakiyar watan. Tayin nan shi ne wanda aka ƙi a watan Maris. Bayan haka tattaunawar ta kwanta. A wannan watan ne Trump ya ba da umarnin rage sojojin Amurka a Jamus, yana danganta matakin da gazawar Jamus wajen kashe kashi 2 cikin ɗari na arzikinta a kan tsaro, kuma a ƙarshen Yuli Esper ya sanar da shirin kwashe kusan 12,000. A Yulin ne kuma Wall Street Journal ta ruwaito cewa Pentagon ta miƙa wa fadar White House zaɓuɓɓukan rage sojoji a Koriya. Da ministocin tsaro suka gana a Washington a watan Oktoba, sanarwar bayan taro ta fito babu jimlar nan ta riƙe yawan sojoji yadda yake, kuma jaridun Seoul ba su bari abin ya wuce su ba. Gwamnatin Moon ta zaɓi jiran zaɓen Amurka na Nuwamba. A watan Disamba Trump ya hau kujerar na-ƙi a kan dokar kasafin tsaro ta 2021, kuma cikin dalilansa har da taƙaita masa ikon janye sojoji daga Afghanistan da Jamus da Koriya ta Kudu. Majalisa ta tsallake na-ƙin a ranar 1 ga Janairu, 2021.

Yadda aka daidaita, da abin da ya ci

Kwana 46 bayan rantsar da Shugaba Joe Biden, a ranar 7 ga Maris, 2021, Jeong Eun-bo da Donna Welton, wadda ta gaji DeHart, suka cimma matsaya a Washington. Yarjejeniyar ta shafi shekara shida, daga 2020 zuwa 2025. An bar kuɗin 2020 yadda yake a 2019, aka kuma cire abin da Koriya ta riga ta biya ma'aikatan. Na 2021 ya tashi zuwa won tiriliyan 1.1833, ƙarin kashi 13.9 cikin ɗari, wanda aka haɗa daga kashi 7.4 na ƙaruwar kasafin tsaron Koriya da kashi 6.5 na ƙarin kason albashi. Ba a ƙirƙiri gida na huɗu ba. An ɗaga mafi ƙarancin kason da Koriya ke biya na albashin ma'aikatan daga kashi 75 zuwa 87 cikin ɗari, aka kuma sanya sharaɗin cewa idan wata rana yarjejeniya ta ƙare ba a sabunta ba, za a iya ci gaba da biyan albashi a kan adadin shekarar da ta gabata. Wannan sharaɗi shi ne mafi daraja a cikin takardar a wurina, domin ya fitar da ma'aikatan daga cikin abin da ake ja-in-ja da shi. Majalisar Koriya ta amince a ƙarshen Agusta, kuma a taron ministocin tsaro na Disamba, 2021, jimlar riƙe yawan sojoji ta dawo cikin sanarwa.

Kuskure ne a ɗauka Koriya ta tsira a arha. Daga 2022 zuwa 2025 an ɗaure ƙarin kowace shekara da ƙaruwar kasafin tsaron Koriya maimakon hauhawar farashi, kuma masu suka a Seoul sun nuna baƙon abin da ke cikin wannan tsari: duk lokacin da Koriya ta ƙara kashe kuɗi don tsayawa da ƙafarta, sai abin da take biya don zaman sojojin Amurka ya ƙaru tare da shi. Zuwa 2025 adadin ya kai won tiriliyan 1.4028, ƙarin kusan kashi 35 cikin ɗari a kan na 2019. Gwamnatin Biden ta samu da ruwan sanyi abin da ya ɗan zarce tayin da Trump ya ƙi, kuma za a iya cewa matsin shekarar da ta gabata ne ya sa kashi 13.9 ya zama abin da majalisar Koriya za ta iya haɗiyewa. Amma wanda zai yi wannan hujja dole ya haɗa da ɗaya gefen lissafin: a shekarar da aka fi matsa lamba ba a samu ƙarin ko won ɗaya ba, an dakatar da mutum 4,000 na wata biyu da rabi, kuma an koya wa ƙawa ta kusan shekara saba'in ta riƙa duba kalandar zaɓen Amurka kafin ta yi tayi.

An ga tasirin wannan darasi a zagaye na gaba. Duk da cewa yarjejeniya ta goma sha ɗaya ba za ta ƙare ba sai ƙarshen 2025, gwamnatin Shugaba Yoon Suk-yeol da ta Biden suka buɗe tattaunawar ta goma sha biyu tun watan Afrilu, 2024, suka kammala a farkon Oktoba, suka sa hannu ranar 4 ga Nuwamba, kwana ɗaya kafin zaɓen Amurka. Ta shafi 2026 zuwa 2030, ta fara da won tiriliyan 1.5192, ƙarin kashi 8.3 cikin ɗari, ta kuma mayar da ma'aunin ƙarin shekara-shekara kan hauhawar farashi. A tsakiyar Oktoban, a wani taro a Chicago, Trump ya kira Koriya ta Kudu injin kuɗi, ya ce da shi ne ke mulki da tana biyan dala biliyan 10 a shekara. Majalisar Koriya ta amince da yarjejeniyar kafin ƙarshen Nuwamba, amma a ɓangaren Amurka har yanzu takarda ce ta ɓangaren zartarwa wadda sabon shugaba ke iya neman a sake buɗewa. A ranar 8 ga Afrilu, 2025, bayan ya yi waya da muƙaddashin shugaban Koriya Han Duck-soo, Trump ya sanar cewa sun tattauna batun harajin kaya da gina jiragen ruwa da sayen iskar gas, tare da biyan kuɗin kariyar soja da Amurka ke bai wa Koriya, kuma yana son a haɗa su duka a ciniki ɗaya.